Wace irin kula ce ta fi dacewa da ɗaukar abinci zuwa wajen aiki?

Abban_Sadiq: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar masu tafiya da abinci wajen aiki. Ofishinmu yana Bompai, ni kuma ina zaune a Rijiyar Zaki. Kafin bakwai da rabi na fita, kuma ba na samun zama in ci sai an idar da azahar, wajen ƙarfe biyu. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 sayen abinci kullum ya fi ƙarfin albashi, shi ya sa uwargida ta fara zuba mini na gida. Robar da nake amfani da ita yanzu miya na bi ta gefen murfi, abincin kuma kafin in buɗe ya huce ƙalau. Wacce zan saya, ta silba, ta roba ko ta gilashi? A adaidaita sahu nake zuwa, kuma ba mu da na'urar ɗumama abinci a ofis.

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Tunda ba inda za ka ɗumama, kada ma ka ɓata lokacinka a kan roba da gilashi. Nemi fulas ɗin abinci mai faɗin baki, wanda ciki da wajensa duk ƙarfe ne. Shi na saya wa maigidana, da ya buɗe da rana tururi ke tashi.

Gwauro_Mai_Aji: Mu da ba mu da mai zuba mana sai mu koma gefe mu yi kallo. Allah Ya ba mu mu ma.

Maman_Ilham: Amin ƙanena, amma ba a hana gwauro dafa taliya ba ai.

Dan_SabonGari: Malam Abban Sadiq, sana'ata ke nan, kayan kicin nake sayarwa, bari in yi maka bayani yadda za ka gane idan ka shiga kasuwa. Abin da mutane ke kira kula kashi biyu ne. Akwai wadda bayanta roba ne, cikinta silba, a tsakani an cusa wani abu kamar soso. Ita ce ta cika kasuwa, ita ake jera wa amare, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Tana da kyau idan daga kicin za a kai abinci falo, ko a kai wa mara lafiya asibiti a ci nan da nan. Amma daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, gaskiya ba za ta kai ka ba, sai dai ka tarar da ɗumi-ɗumi. Ta biyun ita ce wadda Hajiya ta faɗa: bango biyu ne na ƙarfe, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, shi ya sa zafi ba ya samun hanyar fita sai ta wajen murfi. Irin aikin fulas ɗin shayi ne. Masu suna a wannan fanni su ne Thermos da Tiger da Zojirushi, sai Milton na Indiya da ya ɗan fi sauƙi. Sai dai ka yi hattara, ana buga sunayen nan a jikin jabu sosai.

Abban_Sadiq: Na gode Alhaji. To ya zan bambance ta gaskiya da jabu?

Dan_SabonGari: Da ruwan zafi. Ka zuba tafasasshen ruwa ka rufe, ka ba shi kamar minti biyar, sai ka dafa jikinta da tafin hannu. Idan jikin ya ɗau zafi, ajiye ta, zafin fita yake yi. Ta ƙwarai jikinta zai tsaya yadda yake, sai ɗan ɗumi a wajen wuya. Ni a shagona duk wanda ya nemi a gwada, mai shayin layinmu na nan, sai mu karɓo ruwa. Wanda ya hana ka gwadawa, ka san abin da yake ɓoyewa. Bayan haka ka kifa ta da ruwan a ciki, ka girgiza, ka ga ko za ta ɗiga.

Injiniya_Bash: Ƙari a kan na Alhaji, a duba gindin ko cikin kwanon, masu kyau sukan rubuta 304 ko 18/8. Wannan nau'in ƙarfe ne mai jure gishiri da tsamin tumatir.

Ummu_Haidar: Ni an ce mini a gwada da maganaɗisu, idan bai kama ba to mai kyau ne.

Injiniya_Bash: Anti wannan gwajin ba ya fitar da mutum. Gaskiya ne 304 ba ya kama maganaɗisu sosai, amma akwai wani mai araha da ake kira 201, shi ma ba ya kamawa, kuma shi ne wanda bayan 'yan watanni za ki fara ganin ɗige-ɗigen tsatsa a gindinsa idan ana yawan zuba miya. Don haka maganaɗisu zai cire miki mafi muni ne kawai, ba zai nuna miki mafi kyau ba.

Sista_Rabi: Ina so in ja hankali kan wani abu da Alhaji ya faɗa a wuce, wato ɗumi-ɗumi. A wajenmu ma'aikatan lafiya wannan ɗumi-ɗumin shi ne abin tsoro, ba wai maganar daɗin ci ba ce kawai. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa digiri 60. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a sarari fiye da awa 2: ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Yanzu ka duba lissafin Malam, awa shida da ɗoriya, a zafin Kano na watan Afrilu da ake haura digiri 40. Shinkafa kuma ita ce ta fi ba da matsala. Akwai wata ƙwaya, Bacillus cereus, da dafuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta zauna da ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba guba, kuma gubar ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. Mutum zai ci ya kama amai, ya ce sanyi ne ko maiƙo, alhali kular ce.

Malam_Na_Tudu: Sista, da girmamawa, mu mun yi shekara da shekaru ana kai mana abinci gona da kasuwa a samira, an ɗaure da ɗankwali, ba mu san wani digiri ba, ga mu nan da ranmu.

Sista_Rabi: Haka ne Baba, amma ka tuna lokacin da ake kawo muku. Ana saukewa da hantsi ko azahar a ɗora wa yaro a ka, kafin awa ɗaya ya iso, ku ci da zafinsa. Ba a zuba shi da asuba a ajiye a ƙarƙashin tebur ya wuni ba.

Malam_Na_Tudu: To, nan kuma kin yi gaskiya 'yata. Amma duk da haka ni samira ta fi mini duk wani abin zamani. Tuwo daban, miya daban, ba ta riƙe wari, kuma idan ta faɗi sai dai fenti ya ɓantare.

Hafsat_Kad: Maganar kai abinci da yaro ta tuna mini da mutanen Mumbai a Indiya. Suna da masu sana'ar nan da ake kira dabbawala, tun wajen 1890 suke yi. Su bi gida-gida da hantsi su karɓi kwanukan abinci masu hawa-hawa, su kai ta keke da jirgin ƙasa har ofishin mai shi, da yamma su mayar da kwanon gida. Ba su dogara da rubuta adireshi ba, alamomi da lambobi suke sa wa a murfi. Ni ina mamakin me ya hana matasanmu masu babur su tsara irin wannan a Kano da Kaduna. Da an huta da tashin asuba.

Gwauro_Mai_Aji: Kafin ya iso naman ya ragu.

Hafsat_Kad: Kai dai ba ka da aiki wallahi.

Zinariya_92: Tunda an taɓo tashin asuba bari in yi magana. Maza kuna ta zaɓen kula mai hawa uku mai hawa huɗu, ba wanda ya tambayi wadda za ta wanke. Maigidana ya sayo wata mai ƙananan kwanuka da murafe da robobin da ke zagaye da kowane murfi. Kullum da daddare sai na ɓanɓare robobin nan ɗaya bayan ɗaya, domin a ƙarƙashinsu miya ke maƙalewa, idan aka bari kwana biyu sai ka ga baƙi-baƙi ya fito, ga wani ƙarni. Wani lokaci kuma ya manta ta a mota sai da safe. Don Allah Abban Sadiq ka tafi kasuwar da uwargidanka, ko ka tambaye ta. A zaɓi wadda hannu ke shiga har gindi da soso.

Maman_Ilham: Allah Ya yi miki albarka Zinariya. Wannan ita ce maganar. Kuma mai ƙaramin baki ko tuwo ba ya shiga sai an gutsuttsura shi.

Abban_Sadiq: An karɓa Hajiya. Dama ita ta ce in yi tambaya.

Issoufou_Maradi: Sannunku 'yan uwa. Ni a nan Maraɗi da babur nake zuwa aiki, kuma abin da na lura shi ne ba kular kaɗai ba ce, har da yadda aka ɗauke ta. Komai kyan murfi, idan ta kwanta a jaka tana karo da ramukan hanya, watarana sai ta yi maka aika-aika a takardu. Na sa tela ya ɗinka mini 'yar jaka daidai jikinta, mai tsayayyen gindi, ina rataye ta a gaba. Miya kuma ba na haɗa ta da komai, a wata 'yar kwalba mai murfin murɗawa nake zuba ta. Murfin murɗawa ya fi na dannawa riƙe ruwa nesa ba kusa ba.

Injiniya_Bash: Masu maƙalli huɗu a gefe ma suna riƙewa, irin na Lock & Lock, matuƙar robar murfin ba ta saki ba.

Ummu_Haidar: Ni fa har yanzu gilashi nake so. Manja da jar miya ba sa rina shi, wanki ɗaya ya koma sabo. Roba kuwa da ka zuba miyar tumatir sau biyu ta zama ja har abada, kuma warin daddawa ba ya barinta. A ofishinmu a Abuja akwai firij da na'urar ɗumamawa, sai in dafa da daddare, in sa a firij, da safe in ɗauka, da rana in ɗumama a cikin gilashin kai tsaye.

Dan_SabonGari: Hajiya ke kina da mota da wuta. Shi kuma adaidaita yake shiga mutum uku a baya, wani lokaci huɗu. Gilashi ga nauyi, ga shi ba ya riƙe zafi ko kaɗan. Tsarinki daidai ne a wajenki, amma ba nasa ba ne.

Ummu_Haidar: Ban ƙi ba. Ina faɗa ne don masu irin yanayina da ke karantawa.

Injiniya_Bash: Ga masu ɗumamawa a roba kuma, a juya gindinta a duba lambar da ke cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku. Lamba 5 ita ce ta fi jure zafi. Farin abin nan mara nauyi da masu abinci ke zuba shinkafa a ciki lamba 6 ne, bai dace da zafi ba, shi ne ma wanda gwamnatin Legas ta haramta a Janairun 2024, duk da dai babban dalilinsu toshe magudanan ruwa ne. Sannan kada a kuskura a sa kwanon ƙarfe a na'urar ɗumamawa.

Direban_Dogon_Zango: Ni da wata na saba, mai igiya, ana jona ta a wajen kunna sigari na mota. Kafin in tsaya sallah da kamar rabin awa sai in jona, in tarar da abinci ya yi zafi. Akwai mai jonawa a bango ma. Ko Malam zai duba ta.

Abban_Sadiq: Na taɓa ganinta a wajen wani. Matsalar ita ce a ofishinmu idan aka ɗauke wuta ba kullum ake tayar da janareta ba.

Sista_Rabi: Kuma ita ba ta riƙe zafi, ɗumamawa kawai take yi. Abincin zai zauna tun safe a haka kafin a jona, mun koma gidan jiya ke nan, sai dai in an fito da shi da sanyin firij an haɗa da ƙanƙara a jaka.

Kabiru_Fagge: Ni tambayata daban. Ba ku jin nauyin shiga ofis da kula a hannu? Wallahi ni sai in ga kamar ɗan firamare.

Malam_Na_Tudu: Yaro, yunwa ba ta kama ka ba tukuna.

Hafsat_Kad: A wajen aikinmu har shugaban sashe da kularsa yake zuwa. Da can ne ake wannan kunyar. Yanzu wanda ya zo da kula shi ake yi wa kallon mai gata.

Gwauro_Mai_Aji: Shi ya sa nake ba da shawara a sayi babba. Domin da ka buɗe, ka ce bismillah don kara, sai ka ga mutum uku sun jawo kujera kowa da cokalinsa a aljihu. Ni shaida ne, ina cikin ukun.

Zinariya_92: Ka ji ko. Ashe ku ne kuke sa ana ce mana a ƙara mudu.

Maman_Ilham: Wasa a gefe, maganar girma tana da muhimmanci, amma akasin abin da gwauro ya faɗa. Kada ka sayi wadda ta fi cikinka. Fulas idan aka zuba abinci rabi, ya fi saurin hucewa. A cika ta har kusa da wuya. Ga yadda nake yi: ina idar da sallar asuba sai in tafasa ruwa in zuba a ciki in rufe, ya zauna kamar minti goma ina ƙarasa girki. Sai in zubar, in goge, in juye abincin daga wuta kai tsaye yana tiriri, in murɗe murfi. Idan ɗumame ne, sai ya yi zafi har tsakiya, ba a shafa masa wuta sama-sama ba. Yawancin masu cewa fulas ɗinsu ba ya aiki, a cikin ƙarfe mai sanyi suke zuba abinci mai ɗumi, musamman da hunturu.

Dan_SabonGari: Wannan ko ni mai sayarwa ba zan faɗe shi fiye da haka ba.

Fati_Kumasi: Ina gaishe ku daga Kumasi. Ba wanda ya yi maganar irin abincin. Ba kowane ne ke son a rufe shi da zafi awa shida ba. Taliya narkewa take yi ta dunƙule. Soyayyar doya da dankali su yi laushi su jiƙe da gumi. Mu nan waakye muke yawan ɗauka, shinkafa da wake ke nan, shi yana jurewa, yaji da mai a gefe.

Maman_Ilham: Garau-garau ɗinmu ke nan, lallai yana jurewa. Dambu ma haka, da dafa-duka, da fate. Ɗanwake kuwa kada a soma, manne wa juna yake yi ya zama dunƙule ɗaya. Miyar kuɓewa ɗanya ita kuma tsinkewa take yi. Kuka da taushe ba ruwansu. Taliya idan dole ne, a sauke ta da ɗan sauran ƙarfinta, za ta ƙarasa a ciki.

Zinariya_92: Salak da kabeji da kokwamba kuma a ware su a wata roba daban, kada su ji zafi.

Kabiru_Fagge: Tuwo fa? A leda ake ƙulla mana.

Sista_Rabi: Farar ledar nan ba don abinci mai zafi aka yi ta ba. Idan kwanon ƙarfe ne ai ba ka buƙatarta. A mulmula, a ɗan shafa mai a gindin kwanon, ba zai manne ba.

Maman_Ilham: Sai dai zai yi gumi a sama idan ba leda, wannan kam dole. Ni ina barinsa ya sha iska minti biyu kafin in rufe.

Sista_Rabi: Minti biyu ba laifi Anti, kada dai ya kai ga hucewa.

Malam_Na_Tudu: Duk wannan wahala a kan tuwo. A samira ba ya gumi.

Hafsat_Kad: Baba ba ya gumi ne saboda zafin ya gudu tun a hanya.

Abban_Sadiq: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Yanzu tsakanin biyu nake: fulas guda mai faɗin baki in haɗa da kwalbar miya kamar yadda ɗan uwa na Maraɗi ya ce, ko kuma mai hawa-hawa da ake jera kwanuka a cikin gida ɗaya mai riƙe zafi. Wanne?

Dan_SabonGari: Idan kuɗi sun isa, mai hawa-hawa ɗin, amma wadda gidanta bango biyu ne na gaske. A irinta kwanon miya ne a ƙasa, na shinkafa ko tuwo a bisansa, na sama kuma ba ya zafi sosai, an yi shi don 'yan kayan haɗi. Tana da tsada, amma araha ba ta ado. Idan ba su isa ba, gara fulas guda na ƙwarai da mai hawa-hawa na jabu.

Issoufou_Maradi: Sai dai a tsarina miyar ba ta zafi kamar tuwon, wannan gaskiya ne. Ni ina juye ta a kai ne ta ɗauki zafinsa.

Sista_Rabi: To miyar ma ta samu ɗan ƙaramin fulas nata, musamman mai nama ko kifi.

Zinariya_92: Abin wankewa ya zama biyu ke nan. Ni dai ina nan a kan bakana, guda ɗaya mai faɗin baki, a riƙa yin abincin da ba ya buƙatar miya daban.

Injiniya_Bash: A leƙa gwanjo ma. A Kofar Wambai akan ci karo da na Japan da aka yi amfani da su, wani lokaci sun fi sababbin kasuwa. A dai yi gwajin ruwan zafin, domin idan ta taɓa faɗuwa ta lotsa sosai, ko ta tsage a wajen haɗi, iska ta shiga, shi ke nan ta zama kwano kawai.

Ummu_Haidar: Ni kam ba zan iya cin abinci a kular gwanjo ba, ko da me aka wanke ta.

Kabiru_Fagge: Alhaji Dan SabonGari, akwai wata a gidanmu jikinta lafiya lau, robar murfin ce ta saki tana yoyo. Ana samun robar kaɗai ko sai an sayi sabuwa?

Dan_SabonGari: Na manyan kamfanoni akan samu, na sauran kuma sai an dace. Ka zo da murfin a gwada, kada ka zo da awo a baki. Kafin nan ka cire ta ka wanke ramin da take zama, ka mayar da ita daidai, don wasu juya ta ake yi a wajen wanki a sa ta a kife.